Gyaɗar Da Kasuwa Ta Ƙi, Ita Na Ciyar Da Gidana

A shekarun da zan ba ku labari, ni 'yar kasuwa ce a Dapaong, haihuwar Zongon Sokode, aure ne ya kai ni arewacin ƙasarmu. Maigidana direban babbar mota ne, ni kuma ina sarin gyaɗa daga ƙauyukan wajen Mandouri, in ɓare, in tsince, in ɗura a buhu ya wuce mini da ita kudu. Duk unguwa an san ni da tattali, kuma ba zan ɓoye ba, ina taƙama da shi. Matar da na ga ta zubar da ƙanzo sai ta sha baki a wurina.

Duk mai sana'ar gyaɗa ta san yadda muke yi. Mai kyau ta kasuwa ce. Wadda ta yanƙwane, ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna saboda an ɗura ta da danshi, ita ce ta gida. Ban taɓa tunanin zubarwa ba, ai abincin Allah ne. Sai in wanke, in shanya, in soya ta sosai, don a bakin uwata na ji cewa wuta tana kashe komai. Da ita nake miya da kunu, da ƙuli-ƙulin da nake cika wa maigida leda ya riƙa taunawa a hanya kada barci ya ɗauke shi. Wani lokaci yakan ce yana jin ɗaci-ɗaci, in ce masa goro ne ya lalata masa baki, in ƙara yaji. Sai ya yi dariya ya ci. Haka muka yi shekara da shekaru.

Ciwon ya fara ne da kasala da ƙin abinci, sai nauyi a ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Muka ce shawara ce. Babu jiƙon da ban ɗura masa ba, babu rubutun da bai sha ba. Sai da idonsa ya koma ɗorawa, ciki ya kumbura jiki ya bushe, sannan yayansa ya zo ya ɗauke mu zuwa Sokode. Bayan gwajin jini da hoto, likita ya kira ni da yayan, ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa.

Ya yi mana bayani a hankali. Ya ce naman jiki kullum yana sabunta kansa bisa tsari, amma akwai abubuwan da ke lalata tsarin sannu-sannu, har wani wuri ya riƙa girma ba tsayawa, a yi shekaru mutum bai ji komai ba. Ya ce maigida yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, wataƙila tun yana yaro. Sai ya ambaci giya da taba, da gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara, wadda suya ba ta kashe ta, in kuwa ta haɗu da ƙwayar nan haɗarin ƙaruwa yake. Yayan ya rantse ƙanensa bai taɓa shan giya ko taba ba. Likitan ya juyo ya tambaye ni abin da muke ci a gida. Na ce mai kyau muke ci.

Washegari na koma wurin likitan ni kaɗai na gaya masa gaskiya. Na durƙusa ina kuka, ina roƙonsa ya ce ba ni ba ce, ko ya yanki tawa hantar ya sa masa. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan abu ɗaya, aiki kuma lokacinsa ya wuce, saura rage masa zafi. Ya ce in kawo yara a gwada su.

A ɗakin mahaifiyar maigida na yi jinyarsa. Kullum ina niyyar gaya masa in nemi gafara, da na buɗe baki sai ya riga ni, ya yi ta sa mini albarka, wai bai taɓa kwana da yunwa a hannuna ba. Na kasa. Ya rasu gab da azumi ban faɗa ba. Masu gaisuwa suna ta yaba mini, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka gwada yaran, babbar 'yata ce aka samu da ƙwayar, kuma tun yaye a tukunyar nan take ci. Likita ya ce a riƙa duba ta, mai yiwuwa ba abin da zai same ta. Na ji, amma zuciyata ta ƙi kwanciya, na rasa inda zan sa kaina.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, amma na gane tattali ma yana da iyaka. 'Yan'uwana masu gyaɗa da masara, ku busar da kayanku sosai, abin da kuke jin kunyar kaiwa kasuwa kada ya shiga tukunya, kada kuma ku ba da shi sadaka. Ni binnewa nake yi yanzu, maƙwabtan da suka saba karɓa suna ce mini marowaciya. Ku je gwajin hanta, ku kai yara rigakafi. Ku sa 'yata a addu'a don Allah. Har yau ba ta san cewa farin idonta nake dubawa ba, duk safiyar da na ce ta zo in sa mata kwalli.