Ranar da Baba Buraima Ya Ba Baƙo Labarin Gida

Baba Buraima mai masauki ne a tsohon Zangon Lome, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. Gidan dogo ne, ɗakuna a jere ƙarƙashin rufin kwano, da rijiya a tsakar gida. Fataken albasa da na shanu daga Yamai da Gao nan suke sauka. Shi zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, in rigima ta tashi kuma ya tsaya masa.

Gidan yana da doka da kowa a unguwarmu ya sani. In baƙo ya iso, a ba shi ruwa, a ba shi goro, ya faɗi labarin hanya da na garin da ya baro. In ya gama, mai gida ya faɗi labarin gida: wanda ya rasu, wadda ta haihu, shingen da sojoji suka kafa, abin da ya yi tsada. Baba yakan ce, "Wanda ya karɓi labarin baƙo ya ɓoye nasa, cin amana ya yi."

Sana'ar ce ta kai shi jami'a. 'Yarsa Rabiatou ta samu gurbin karatu a can, ta gaya masa cewa ranar Alhamis da la'asar ana kawo masana daga ƙasashen waje su yi lakca a kan al'amuran duniya, kuma ba a hana kowa shiga. Baba ya ce to, ai rijiyar labari ce aka haƙa masa kyauta. Tun daga nan yakan sa babbar riga, ya hau tasi, ya zauna a benci na ƙarshe. Turancinsa na kasuwar Kumasi ne, inda ya yi ƙuruciya a fataucin goro. Faransanci kuwa Rabiatou ke raɗa masa a kunne. Ya ji lakca a kan farashin man fetur, da farin Sahel, da yarjejeniyar ciniki da Turawa. Da daddare baƙinsa su zagaye shi a tabarma, ya juye musu da Hausa, har da kwaikwayon tarin farfesa.

Abu ɗaya ke ba shi haushi. Ba a yin tambaya sai wadda matasan jam'iyya mai mulki suka shirya tun kafin taro, suka raba wa ɗalibai. Mai rabawar shi ne Tchakoura, ɗalibi ɗan arewacin ƙasar, wanda a gidan Baba ya fara sauka lokacin da ya zo Lome da jakar leda. Baba yakan tsokane shi a ƙofar zaure da sunan da 'yan jam'iyya ke kiran juna: "Kamarad, yau me aka ce mu yi mamaki a kai?" Tchakoura ya yi dariya, ya rusuna, ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri."

A shekarar 1977 aka sanar cewa za a rushe Zango, a mai da mu bayan gari, can wajen Togblekope, hanyar arewa. Ma'aikata suka bi gida-gida suna shafa fenti a bango, alamar gidajen da za a rushe. Aka ce kowane mai gida zai samu fili a sabon wuri, amma filayen ba ɗaya ba ne. Akwai na bakin titi, inda manyan motoci ke tsayawa, akwai na can baya wajen fadama, inda ruwa ke kwanciya da damina. Ga mai masauki, bakin titi shi ne sana'ar gaba ɗaya. Baƙo mai buhun albasa ba zai ratsa taɓo ya neme ka ba.

Tchakoura ya zo gida da kansa ya shaida wa Baba cewa ya yi masa magana a wajen manya, an ware masa na bakin titi. Sai ya rage murya.

"Baba, Alhamis ɗin nan baƙo ne daga kudancin Afirka, ɗan gudun hijira. Manyan jam'iyya za su zo. Don Allah ka zauna a gida."

"Me zai yi magana a kai?"

"Yadda Turawan can ke tashin baƙar fata daga unguwanninsu."

Baba ya dubi fentin da ke bangonsa, ya dubi Tchakoura. "To, kamarad, ai wannan lakcar ni aka kawo wa."

"Baba, fili fa."

"Na ji. Ka ci abinci?"

Ranar Alhamis Baba ya sa wa Rabiatou sharaɗi cewa ta zauna cikin ƙawayenta, nesa da shi, kuma ko me ya faru kada ta buɗe baki. Ta ce, "Baba, me za ka yi?" Ya ce, "Gaisuwa." Ya zaɓi farin goro masu kyau, ya naɗe a ganye, ya sa a aljihu.

Ni ma na je ranar, kamar yadda mutanen Zango da dama suka je. Zauren ya cika. Manyan jam'iyya suna layin gaba, ƙarƙashin hoton shugaba. Baƙon siriri ne, mai furfura, yana magana da Turanci, tafinta na mayarwa Faransanci. Aka kashe fitila aka haska hotuna a bango: katafila tana ture gida, tsohuwa zaune a kan katifa a tsakiyar fili, yara riƙe da tukwane. Baƙon ya ce an gaya musu wai don tsabtar birni ne. Layin gaba suka girgiza kai, suka ja tsaki. Mu na baya ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

Da aka kunna fitila, ɗalibi ya miƙe ya karanta tambayarsa, aka tafa. Na biyu yana shirin miƙewa sai muka ga babbar riga tana saukowa daga benci na ƙarshe, a hankali, hannu biyu riƙe da ganyen goro. Wani ɗan jam'iyya ya taso zai tare shi, amma wa zai kama tsoho mai kai wa baƙo goro a gaban jama'a? Ya tsaya yana duban Tchakoura. Tchakoura ya sunkuyar da kai.

Baba ya miƙa goron, ya yi magana da Turancinsa na Kumasi, da ƙarfi, kamar mai ciniki a tashar mota.

"Sannu da zuwa, baƙonmu. Sunana Buraima, aikina saukar da baƙi. A wajenmu, baƙo in ya ba da labarin garinsu, dole mai gida ya ba shi na gida. Ka ba da naka, mun ji, Allah Ya kawo muku sauƙi. Na jira manyanmu su ba ka namu, na ga sun manta."

Tafinta ya fara mayarwa, ya kai tsakiya, ya tsaya. Baba ya ci gaba.

"Ga labarin gida. Lafiya lau muke. An yi ruwa, masara ta yi kyau. Unguwarmu kuma, wadda kakanninmu suka kafa, an shafa mata fenti. Wannan katafilar da ka nuna, ƙanwarta tana nan tafe. Mu ma an ce don tsabtar birni ne. Ban ce namu ya kai naku ba. Amma ba za ka kwana a garina ka tafi ba ka sani ba."

Ya dubi tafinta. "Ɗana, mayar mana." Tafinta ya tsura wa takalminsa ido. Baba ya ce, "To, bari in rage maka aiki." Ya juyo ya fuskanci zauren, ya maimaita duka da Mina, yaren da kowa a Lome ke ji, har manyan layin gaba.

Ba wanda ya tafa. Baƙon ya ɓare goro ɗaya, ya sa rabi a baki, ya miƙa wa Baba rabi, ya ce, "Na karɓi labarin gida." Nan take shugaban taro ya sanar cewa lokaci ya ƙure. 'Yan jam'iyya biyu suka riƙe Baba a hannu. Ya ce, "Ku sassauta, rigar ta girme ku." Ya kwana uku a hannun hukuma, sai da dattawan Zango suka yi ta sintiri aka sake shi.

Rabiatou ba a taɓa karatunta ba, tunda ba wanda ya ga ta yi motsi. Amma ta yi fushi. Tana shafa masa man zafi a kafaɗa tana faɗa.

"Baba, me ya canza? Za su fasa rushewar ne?"

"Ba za su fasa ba."

"To don me?"

"Don kada mutumin nan ya je wata ƙasa ya ce ya zo Lome ya tarar kowa na tafi. A hankali, wajen nan ne suka murɗe."

Katafila ta zo kamar yadda aka faɗa. Ranar da ake nuna filaye a sabon wuri, Tchakoura ne aka sa ya raka Baba. Suka wuce bakin titi, inda wasu har sun fara kafa turaku. Suka wuce layi na biyu da na uku. Ƙasa ta fara laushi, sauro na tashi daga ciyawa da rana tsaka. A bakin fadama Tchakoura ya tsaya.

"Nan ne, Baba. Na roƙa, wallahi na roƙa. Sun ce in za ka zo ofis ka ce tsufa ne ya sa ka, za a duba."

Baba ya tattare riga, ya taka filin daga wannan kusurwa zuwa waccan, taɓo na kama masa takalmi. Ya san fatake kaɗan ne za su biyo shi nan, ya kuma faɗa mana haka daga baya, ba tare da ya ɓoye zafin abin ba. Ya tsuguna ya damƙi ƙasar ya murza.

"Ka gaya musu tsufa ne, gaskiyarsu. Da ina yaro da na ji tsoro." Ya miƙe ya nuna gefen da ya fi tudu. "Ɗakin baƙi nan zai zauna. Kamarad, cire wannan takalmin na ofis, ka riƙe mini bakin igiyar awo."