Mai Kalangu a Tashar Makoda

A tashar Makoda wani dattijo siriri yana tsaye, takunkumi a fuska, kalangu a hammata. Nababa ake kiransa. Fatar kalangun sabuwa ce, rigarsa kuwa ta sha faci. Da alama watannin da gwamnati ta hana taro saboda korona sun raba shi da bukukuwa, har rumbunsa ya ga ƙasa. Yau ƙaramar hukuma da kanta ta ɗauko shi ya yi waƙar wanke hannu.

"Baba, ashe kiɗa bai mutu ba?" in ji wani ɗan acaɓa.

"Suma ya yi, ɗana."

Ya matse kalangun, ya buga. Fasinjoji suna sauka, suna bin layin wanke hannu da sabulu suna rawa, har direban da ya kawo su ya haƙura ya kashe mota.