Ranar da Kwamfutar Baba Ta Daina Tunani

A ƙaramin asibitin da ke bayan tashar mota, ɗakin kati ne na farko idan ka shigo ta hannun dama. Ɗaki ne matsattse: tebur guda, kujera mai lotsattsen matashi, kantoci cike da fayil har rufi, sai taga mai sandunan ƙarfe inda marasa lafiya ke miƙo katinsu. Duk wanda ya taɓa zuwa ganin likita a nan ya san dattijon da ya daɗe a bayan tagar. Kaɗan ne suka riƙe sunansa na gaskiya. Baba Tana-Tunani ake ce masa.

Tun zamanin tafireta ya fara aiki a ɗakin, yana saurayi. A nan ya yi aure, a nan ya yi furfura, daga nan aka kira shi ranar da matarsa ta rasu. Da aka kawo kwamfuta bai sha wahalar koyo ba, don yatsunsa sun riga sun san mazaunin kowane harafi. Kwamfutar ce ta tsufa a hannunsa. Sai ka buga lambar kati, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskarta kafin sunan mutum ya fito. A wannan tsakanin ne Baba kan ɗaga hannu ya ce wa masu layi, "Ku yi haƙuri, tana tunani." Daga nan sunan ya bi shi.

"Baba, yau ma tunanin take yi?" in ji wani direba da ke yawan kawo mahaifiyarsa.

"Kai da ba ka taɓa gwada yi ba, ina ka san wuyarsa?" Baba ya ce, layi ya fashe da dariya.

Abin da masu dariyar ba su sani ba shi ne idon Baba ya fara mutuwa. Daga gefe duhun ya soma, yana matsowa tsakiya a hankali, har ya zama kamar mai leƙe ta ramin makulli. Bai gaya wa kowa ba. Ya san ranar da shugabar asibitin ta gane, ranar zai bar kujerarsa, shi kuwa bai san wani wurin zama a duniya ba sai ita. Nawar kwamfutar ce ta rufa masa asiri. Yayin da zoben ke juyawa, sai ya karɓi katin mai biye, ya karkata shi wajen hasken taga, ya karanta lambar ɗaya bayan ɗaya, ya haddace. Idan suna ya fito, sai ya kai fuskarsa dab da gilashin yana ƙwanƙwasa gefensa kamar mai yi wa na'urar faɗa, alhali laluben rubutun yake yi. Layi ya yi tsawo, a zagi kwamfuta, a tausaya wa Baba.

A gida ma ita yake ɗora wa laifi. Autarsa, wadda ke zuwa duba shi da yamma, takan same shi dafe da kai.

"Baba, kan ne kuma?"

"Tsohuwar na'urar nan ce, Auta. Ita za ta ƙarasa ni."

Mijin Auta mai gyaran kwamfuta ne, yana da rumfa a layin masu sayar da waya. Mutum ne mai kunyar surukinsa, ba ya haɗa ido da shi. Auta ta yi ta yi masa mita: kai kana gyara na baƙi, ta surukinka na kashe shi. Sai ya je ya duba lambar injin, ya yi ta cigiya wajen abokan sana'a har ya samo abin da suke kira furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda aka cire daga wata matacciyar na'ura 'yar gida ɗaya da ta Baba, amma ta fi ta ƙarfi. Ya nemi izinin shugabar asibitin. Ta yi murna, domin ƙorafin layi ya ishe ta.

Ya zo ranar da asibitin ke tashi da wuri. Baba na zaune ya ga suruki ya durƙusa ya gaishe shi, jakar kayan aiki a gefe.

"Ka bar ta haka nan," Baba ya ce. "Tsohuwa ce. Kana taɓa mata kai sai ta zauce, ta manta mutane."

"Ba za ta manta kowa ba, Baba. Sunaye suna wani ma'aji daban. Wannan tunanin kawai take yi. Shi zan rage mata."

Baba ya ja kujerarsa gefe, ya ba shi wuri. Me zai ce wa mijin 'yarsa da ya rufe rumfa ya zo yi masa alheri?

Surukin ya zare waya daga bango, ya jawo akwatin daga ƙarƙashin tebur, ya kwance murfin gefe. Ya hure ƙurar da ta daskare a fanka, ya kwance ƙarfen da ke shanye zafi, ya ɗaga wani siririn hannun ƙarfe da ke danne ƙwaƙwalwar. Tsohuwar ƙwaƙwalwar ta fito, faɗinta bai fi na akwatin ashana ba. Ya daidaita kusurwar sabuwar da alamar da ke gurbin, ya saka ta ba tare da dannawa ba, ya ɗiga mata farin mai kamar ƙwayar wake, ya mayar da komai. Tsohuwar kuwa ya miƙa wa Baba da hannu biyu, yana murmushi.

"Ga mai laifin, Baba."

Kwamfutar ba ta koma sabuwa ba. Amma zoben nan ya daina juyawa.

Washegari da safe surukin ya dawo don ya ga yadda za ta yi da layi. Shugabar ma ta shigo ta tsaya a bayan kujera, hannu a ƙugu. Wata mata mai goyo ta miƙo kati. Baba ya karkata shi wajen taga, ya daɗe, sannan ya buga lambar. Ya ɗaga hannu kamar kullum.

"Ku yi haƙuri, tana tunani."

Ba wanda ya yi dariya a cikin ɗakin. Sunan matar na nan ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfutar tun kafin ya sauke yatsa.

"Baba," surukin ya ce a hankali, "ai ta gama."

"Ta gama?"

Ya matsa, ya kai fuskarsa dab da gilashin, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya fasa. Shugabar ta dubi hannun, ta dubi idon. Ma'aikaciyar jinya ce tun kafin ta zama shugaba. Ta ɗaga yatsu a gefen fuskarsa ta kaɗa su. Bai waiwaya ba.

A baranda surukin ya tare shi.

"Baba, a ba ni tsohuwar in mayar. Sai in ce sabuwar zafi take yi."

"Ka mayar da ita ina? Shugaba ta riga ta gani." Ya dafa kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi ba. "Aikinka ya yi kyau. Kada ka bari Auta ta yi kuka a gabana."

Shugabar ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce ya je ɗakin ido, ƙofa ta biyu daga tasa, inda ya shekara da shekaru yana tura mutane. Sai da ya fita ya bi layi ya tsaya a gaban tagarsa. Matar da aka ɗauko daga ɗakin magani ta zauna a kujerarsa ta fito masa da sunansa kafin ya gama gaishe ta. Likita ya ce ciwo ne mai cin jijiyar ido. Za a iya tare abin da ya rage da maganin ɗigawa, amma wanda ya tafi ya tafi. Da ya zo da wuri, in ji shi, da ba a kai nan ba.

An sallami Baba daga aiki a mutunce, aka yi masa addu'a a ofishin shugaba. Yanzu yana gidan Auta, a ɗakin da ke kallon titi. Surukin kan gaishe shi daga bakin ƙofa ya wuce da sauri. Tsohuwar ƙwaƙwalwar na aljihun rigarsa, yana juya ta a hannu idan zama ya yi tsawo.

Layin ɗakin kati ya gajarce. Kwanan baya direban nan ya kawo mahaifiyarsa, ya leƙa ta taga ya tambayi Baba. Matar ta ce ya bar aiki, ta miƙo masa katinsa, ta kira na bayansa.