Wutar Mai Muciya

Sanyin Jos ba ya jin lallashi. A gidanmu na Rikkos, da an idar da sallar isha'i sai mu ɗuru ɗakin Kaka, mu kewaye kaskon gawayinta, kowa na ture ƙafar ɗan'uwansa. Ni take fara tsokana. "Maigida, yau ma hannu rabbana ka shigo? Miji ba cefane, sai baki!" Sannan ta gyara zama ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta.

Tana da Gizo da Ƙoƙi kamar kowace kaka, amma ni labarin Mai Muciya nake naci. Wani Bature ne ɗan ƙasar Ailan, wanda kakanmu Malam ya yi wa aikin kuku zamanin haƙar kuza, lokacin Kaka tana amarya, sabuwar zuwa daga wani ƙauye can wajen Daura. Baturen yana da wata sanda mai faffaɗan kai rataye a bango, kamar muciya, shi ya sa matan barikin ma'aikatan kuza suka laƙaba masa sunan. Wai a ƙasarsu ƙarti ne ke bin 'yar ƙwallo da irin wannan sanda, lardi da lardi, duk shekara, har a fid da gwani. Mu kuwa sai mu fashe da dariya.

"Kai Kaka, wannan kam ƙari kika yi!"

"Ƙarin me? Ku da ko Bukuru ba ku taɓa wucewa ba?"

Wata damina, in ji ta, lardin su Mai Muciya da ya daɗe rabonsa da kofi ya dinga lallasa abokan karawa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai wasan ƙarshe, kuma ƙanensa na cikin 'yan wasan. Baturen ya nemi hutun zuwa gida, aka hana shi. Ranar wasan ya sa Malam ya ɗaura wayar eriya a kan bishiya, shi kuma ya manna kunne a rediyo, tana shuu tana ɗaukewa. Can sai ga shi ya fito tsakar gida yana ihu. Sun ci. Ya dubi gabas ya dubi yamma, ba wanda zai taya shi.

Ashe a al'adarsu, ranar da 'yan wasa za su dawo da kofi, kowane ƙauye kan hura wuta a kan tudu don taryarsu. Washegari da magariba sai ya kwashi tsofaffin akwatuna da kananzir, ya hau dutsen bayan bariki, ya cinna. Mutane suka hango harshen wuta kusa da ɗakunan ciyawa. "Gobara! Gobara!" Maza suka ruga da bokitai, kafin ya buɗe baki sun kashe ta murus.

Nan Kaka ke rage murya. "Ƙaton mutum, jajir da shi, ya zauna cikin jiƙaƙƙen toka yana kuka kamar yaron da aka yaye. Wallahi ban taɓa sanin Bature na kuka ba."

Malam ne ya yi wa jama'a bayani, maza suka tsaya tsuru-tsuru da bokitansu. Ga damina, busasshen icce ya fi nama wuya. Kaka ta gangara ɗaki ta zaro ɗaurin iccen da ta ɓoye ƙarƙashin gado don tuwon dare, ta ɗora a ka ta hau dutsen. Sauran mata suka bi ta da nasu. Wuta ta tashi, wata ta rangaɗa guɗa, Mai Muciya na ta waƙa da yarensu majina shaɓe-shaɓe. "Ranar nan da ƙanzo bariki ya kwana," ta kan ce, sannan ta ce ƙurunƙus ta kore mu makwanci.

Sau ɗaya na taɓa tambayarta me ya kai ta ba da iccenta saboda wasan da ba ta taɓa gani ba. Ta daɗe tana tona garwashi da tsinke kafin ta ce, "Maigida, ni ma ai ina da gari."

Ban gane ba a lokacin, wasan ne ya ɗauke mini hankali. Bara, a ɗakin hayata a Legas, na ci karo da shi a waya: ga ƙarti, ga sanduna, ga 'yar ƙwallo, daidai yadda ta faɗa. Na miƙe zumbur kamar mai zuwa ba ta haƙuri, sai na tuna an daɗe da binne ta a Jos. Kewarta ta kama ni, na zauna na yi kuka na more.

Har ta koma ga Allah ba ta sake taka ƙauyensu ba. Mun tambaye ta tsawon sandar, mun tambaye ta ko Baturen ya koma gida, mun tambaye ta ci nawa aka yi. Duk yawanmu a ɗakin nan, ba wanda ya taɓa ce mata, "Kaka, ku fa, a garinku yaya ake murna?"