Juma'ar Da Gem Ya Kama Wuta

Babana mai gyaran rediyo ne a Ƙofar Atiku, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba sai da na yi wayo. Don haka ni na tashi a gindin teburinsa. Kafin in iya tuƙa tuwo na iya riƙe ƙarfen liƙi, na san dalmar da ta kama da wadda ta zauna a sama kawai, na kuma san warin waya in ta fara cin kanta. Warin nan ba ya kama da na ƙaurin miya ko na shara. Wanda ya taɓa shaƙarsa sau ɗaya ba ya mantawa.

Da aka kai ni gidan miji a Gawon Nama sai na naɗe wannan sanin na ajiye, don ba wanda ya tambaye ni shi. Gidan na haɗaka ne: ga mijina, ga wansa da muke ce wa Yaya, kowa da iyalinsa, ga kuma mahaifiyarsu, Inna. Inna ƙafafunta sun daɗe da daina ɗaukarta, ko banɗaki sai mun kama ta mu biyu, ni da matar Yaya. Ɗakinta ne na farko in ka wuce zaure, kuma bayan bangon da gadonta ya jingina akwai shago mai kallon titi. Rufinsu ɗaya, silin ɗinsu ɗaya, na tsohon kwali da zafin Sakkwato ya gasa shekara da shekaru.

A wannan shagon Yaya ya buɗe wurin wasan gem. Ya sayo injuna huɗu na hannu da talabijin huɗu, ya jera benci, samarin unguwa suka yi ta tururuwa suna buga ƙwallo da yatsu. Ban ga laifinsa ba, sana'a sana'a ce, kuma abin ya karɓe shi.

Wata rana injin ɗaya ya ƙi tashi, mijina ya shigo da shi ɗakinmu da niyyar kai wa mai gyara washegari. Yana fita na ɗauka na juya bayansa. Ramin da wayar wuta ke shiga ya yi baƙi, robar gefensa ta ɗan narke, na kai hanci na ji warin nan. Da na sa yatsa na taɓa ƙarafunan ciki sai suka motsa. Ba sai na buɗe ba na gane: yawan cirewa da cusawa ya sa dalmar da ta riƙe su a ciki ta tsage, wuta tana tsallaka tsagar tana tartsatsi. Na tambayi mijina yadda suke tayar da shi, ya ce ai mai sauƙi ne, sai a karkata wayar a tokare ta da ninkin kwalin sigari har fitila ta kawo. Ya ƙara da cewa kawunan wayoyin ba su shiga soket ɗinmu ba, don haka Yaya ya yanke su, ya cusa tsiraicin waya, ya danne da tsinken ashana. Yana faɗa yana murmushi, wai yana nuna mini dabarar wansa.

Na ce masa wannan ba dabara ba ce, gobara ce ake kiwo, kuma bayan kan Inna ake kiwon ta.

A gidanmu ba na haɗa ido da Yaya, ba na kama sunansa, in zan gaishe shi sai na durƙusa. Matar ƙane ba ta tsayawa ta gyara wa wan miji sana'arsa. Don haka na ba mijina saƙon, na roƙe shi ya isar da shi yadda na faɗa. Ya isar kuwa, ya kuma dawo mini da amsa yana sosa ƙeya. Yaya ya yi dariya ya ce, "Mata da wuta? Ta tsaya ga ta murhu."

Maganar nan ta ƙona mini rai ƙwarai. Ba raina ni da aka yi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba, na saba da wannan. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na san abin da ke zuwa, kuma bakina bai isa ya tare shi ba.

Na biyo ta wajen Inna, ina matsa mata ƙafa na kawo zancen a hankali, har na ce ko za a mayar da gadonta ɗaya bangon. Ta ce gadonta nan mijinta ya kafa shi, nan zai zauna, kuma ɗanta ba yaro ba ne, ya san abin da yake yi. Maimakon haka ma, da ta ji injunan masu tsada ne, sai ta sa aka buɗe akwatinta ta fitar da tsofaffin zannuwa huɗu ta aika masa. Ai mu haka muke, duk abin da muke ji da shi sai mun lulluɓe shi, daga keken ɗinki har talabijin. Tun daga ranar, in Yaya zai rufe shago sai ya rufa wa kowane inji zane ya bar wayarsa a cushe.

Da na ga haka sai na yi abin da ke hannuna. Na duba inda fis ɗin gida yake a zaure, wanda masu wuta ke zarewa in sun zo yanka. Ya fi ƙarfin tsawona, sai na mirgino tsohon turmi na kife a ƙarƙashinsa. Na kuma cika bokiti biyu da yashi na ajiye a lungun zauren. Matar Yaya ta gani ta ce ko suyar gyaɗa zan fara, in haka ne ita ce mai sayen farko. Na yi dariya na bar ta a haka.

Abin ya zo ran wata Juma'a, ana tsakiyar zafin bazara. Tun Laraba ba mu ga wuta ba, kuma in an daɗe ba a kawo ba, ba mai tunawa da kashe makunni. Da gangan ma ake barin su a kunne, don fanka ta ba da labari in an kawo. Da rana ta take, Yaya ya lulluɓe injunansa, ya danna wa shago kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Shi da mijina da duk mazan layin suka ɗauki darduma suka nufi masallaci. Gida ya rage daga mu mata sai ƙananan yara.

Ina ɗakin Inna ina yi mata fifita sai fanka ta zabura. Da ƙarfi aka kawo wutar, har fankar tana kaɗa kai. Inna ta yi hamdala ta ce in ajiye mahuci in huta. Ban jima da ajiyewa ba warin ya shigo mini. Na sake shaƙa, ina fatan ƙarya hancina yake yi. Sai na ɗaga kai, na ga hayaƙi siriri yana zirarowa ta inda silin ya rabu da bango, daidai saman kan Inna.

Na ƙwala wa matar Yaya kira. Tana leƙowa ta ga hayaƙin ta yi salati, ta ruga ta suri bokitin ruwa za ta watsa ta tagar saman shagon da ke cikin zaure. Na tare ta na riƙe bokitin.

"Aje ruwan ga, wutar lantarki ce, kashe ki za ta yi. Tahi ki jawo Inna."

Na goge hannuna a zane, na haye turmin da silifas ɗina na roba, na kama fis ɗin na fizge. Fanka ta mutu. Muka koma mu biyu muka sauko da Inna kan tabarma, muka ja ta har ƙarshen tsakar gida ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Ita kuwa faɗa take yi a ba ta mayafinta, ba za a fitar da ita kai a buɗe ba. Ban tsaya ba, na bar ta da matar Yaya da yaran.

Yanke wutar bai kashe abin da ya riga ya kama ba, kuma shagon a kulle yake. Na fita titi yadda nake, ba hijabi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Layin fayau, ko akuya ba ta motsi. Namiji ɗaya ne ya rage, maƙwabcinmu mai walda, Kirista mutumin Filato da ya daɗe a unguwar, yana kishingiɗe a rumfarsa yana jiran masu aiki su dawo daga salla. Ban ko gaishe shi ba na nuna masa ƙofar. Ya dubi hayaƙin da ke fita ta ƙasanta, ya ɗauko guduma, tambaya ɗaya ya yi mini, ko na yanke wuta. Na ce na yanke. Bugu uku kwaɗon ya faɗi.

Injin ƙarshe ne, wanda ake tokarewa da kwali, ashe mayar da shi aka yi ba a kai shi gyara ba. Zanen da ke kansa ya cinye, teburin ya kama, harshen wutar yana bin wayar da aka kafa a bango yana neman silin. Saura bai fi kamu ɗaya ba. Na jawo bokitin yashi na juye a kan injin, shi ya juye na biyun, sannan ya kama ƙafar teburin ya ja shi waje gaba ɗaya. Wutar da ta rage a bango na kashe ta da buhun da ake shimfiɗawa a bakin ƙofa. Robar da ta narke ta ɗigo mini a bayan hannu, ban ma ji ba sai daga baya.

Muna tsaye muna tari aka fara dawowa daga masallaci. Na shige zaure na laɓe bayan ƙyaure, matar Yaya ta miƙo mini hijabi. Abin da Yaya ya fara gani shi ne kwaɗonsa a ƙasa, ya hau tambayar wanda ya fasa masa shago. Da mai walda ya ba shi labari sai ya juya kan masu wuta, ya ce su ne suka turo ta da ƙarfi suka ƙona masa kaya. Jama'a suka amsa masa, kowa yana kawo labarin firijinsa da fitilarsa. Ina ji ina gani za a rufe maganar a haka, gobe a share shago a sake tokare waya da kwali, Inna ta koma kan gadonta.

Nan kunyata ta ƙare. Na kira mijina na ce ya kawo mini injuna ukun da suka tsira da sukundireba, kuma ya ce wa Yaya ya shigo zaure. Ya dube ni kamar bai san ni ba, amma ya je. Na zauna a kan tabarma a gaban Yaya da dattawan layi uku da suka biyo shi, na kwance injin farko. Na nuna musu inda ƙarafunan wutar suka haɗu da allon ciki. Dalmar ta tsage zagaye, gefenta ya yi baƙi. Na buɗe na biyu, haka. Na uku ne kawai lafiyayye. Na ce in ƙarfin wuta ne kaɗai, me ya sa talabijin huɗu suna nan ba abin da ya same su? Wani dattijo ya sa yatsa ya taɓa ƙarfen, ya ji yana girgiza kamar haƙorin da ya kusa fita, ya janye hannunsa.

Daga tsakar gida Inna ta ɗaga murya, ashe duk tana ji.

"Ɗiyar ga ta gaya muku, ta gaya man, duk munka yi biris da ita. Ni da na ba da zannuwan, ita ta hidda ni. Ba ni komawa ɗakin ga sai ta ce in koma."

Yaya ya daɗe yana kallon injin da ke gabana. Na zaci ta bakin mijina zai yi magana, yadda aka saba. Sai ya gyara tsayuwa ya fuskance ni.

"Amarya, hwaɗi abin da za a sawo."

Na faɗa kuwa, ban rage ko ɗaya ba, kuma daɗin da na ji a lokacin ba zan ɓoye shi ba, har cikin ƙashina na ji shi. Na ce a sawo kawunan waya na gaske masu fis, da soket ga kowane inji, da waya mai kauri, da makunni guda babba a bakin ƙofa wanda za a kashe duk lokacin da za a rufe. Zannuwa su koma akwati. Na aika gidanmu aka karɓo mini ƙarfen liƙin babana. Kwana uku na yi ina aikin, Inna tana kwana a ɗakina, Yaya da kansa yana riƙe mini tsani yana miƙo abin da na nema. Na sake liƙe ƙarafunan injunan, na bi kowace waya da hannu, na kunna su duka na zauna tun hantsi har la'asar ina taɓa bayansu. Sai a rana ta huɗu na je na durƙusa na ce wa Inna ɗakinta ya yi.

Ta ƙara shekaru masu dama a ɗakin nan, samari suna ihun cin ƙwallo a bayan bangonta tana yi musu tsiya. Da lokacinta ya yi, a kan gadonta ta cika, da safe, bayan gajeriyar jinya, 'ya'yanta suna gefenta. Ni na rufe mata ido da hannun nan mai tabo.