Citta a Filin Malam Obadiah

Ranar da aka binne Malam Obadiah Kumai, ni aka miƙa wa takardar tarihinsa in karanta a majami'a, don ni ce mataimakiyarsa a makaranta shekara shida. Dattawa ne suka rubuta ta. An haife shi a Kafanchan, ya yi baftisma shekara kaza, ya yi aure, ya zama hedimasta, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Na karanta yadda aka ba ni, na koma na zauna. Babu ƙarya a ciki ko ɗaya, amma wanda bai san mutumin ba haka zai fita bai san shi ba. Shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake maganar nan ta ishe ni.

Ubansa lebura ne a reluwe, a barikin ma'aikata ya girma, bai taɓa riƙe fartanya da sunan noma ba. Allah ya ba shi tsawo har ya yi yawa. Duk ajin da zai shiga sai ya sunkuya, kuma babu telan da ya taɓa ɗinka masa wandon da ya rufe idon sawu. A kwalejin horar da malamai wani Bature ya hango shi a layin abinci, ya miƙa masa ƙwallon kwando. Shi ke nan. Ya buga wa kwaleji, ya buga wa jiharmu, har Legas aka kai su a jirgin ƙasa. Can gwiwarsa ta hagu ta goce, ya dawo da ɗingishin da bai rabu da shi ba. A 1972 aka turo shi ƙauyenmu, kusa da Godogodo.

Ba waliyyi ba ne, kada wani ya faɗa muku. Yana da faɗa, ya tsani latti, kuma in ya ja waƙa a sujada har 'yan kwayar coci, mawaƙanmu, sai sun ɓata. Amma shi ya bi gida-gida yana zama a kan turmi har iyaye suka saki 'ya'yansu mata su shiga makaranta. Da gwamnati ta buɗe makaranta kyauta, yara tamanin suka cika aji ɗaya, shi ya ɗauki waɗanda suka rasa ɗaki ya koyar da su a gindin mangwaro.

Abu ɗaya ya so wa kansa. Yana son wata makaranta ta zo daga waje, da alƙalin wasa da usur, a yi wasa na gaske a ƙauyenmu, iyayen nan su ga 'ya'yansu mata suna buga ƙwallon kwando da idonsu. Sau ɗaya tak. Wani abokinsa Meshak, mai walda a loko, inda ake gyaran jiragen ƙasa, ya lanƙwasa masa zobba biyu na ƙarfe. Aka kafa itatuwa, aka buga katako. Saura ƙasa, don ƙwallo ba ta tashi a kan yashi, siminti kuwa ko a mafarki.

Sai ya je wurin Zumuntar Mata ta coci. Shugabarsu Mama Tagwai ce, gajeriyar tsohuwa wadda kanta bai kai ƙirjinsa ba. Ta tara mata arba'in. Kwana uku suna zuba marmara, suna yayyafa ruwan makuba, suna duƙe suna bugu da madaɓi da waƙa a bakinsu, irin daɓen da suke yi wa ɗakin amarya. Fili ya fito sumul, ja wur, ƙwallo na tashi har kafaɗa. Ranar na ga hedimasta yana tsalle da ƙafa ɗaya, ba kunya.

Abin da bai sani ba, don shi ɗan bariki ne, a wurinmu macen da ta daɓe wuri tana da ikon yin shanya a kai. Ba a faɗa, kowa ya sani. Ni ma na sani, amma hankalina bai kai can ba.

Gasar makarantu a watan Nuwamba ake yi, bayan ruwa ya ɗauke. Lokacin ne kuma ake tonon citta. A 1975 ya rubuta wasiƙu har wata makarantar Kafanchan ta yarda za ta zo ran Asabar. Ran Juma'a da yamma shi da kansa ya ja layuka da toka. Washegari da hantsi motar baƙi ta tsaya, 'yan mata suka diro da fararen takalma, muka zagaya da su bayan azuzuwa. Fili fari fat. Tun daga wannan itace har wancan, citta ce ɗanya da aka tsaga da asuba aka baza, ko wurin sa ƙafa babu. Mama Tagwai na zaune a gefe tana korar awaki.

Raina ya ɓaci, na suri tsintsiya. Ya riƙe hannuna. Ya san ɗanyar citta in an tara ta wuri ɗaya ruɓewa take yi, ya kuma san da kuɗinta ake ɗinka wa yaran nan rigar makaranta.

Mama Tagwai ta taso tana duban motar. Ta ce, "Hedimasta, lafiya? Baƙi ne ya zo?"

Ya sunkuya ya gaishe ta. Ya ce, "Lafiya lau, Mama. Ba komai. Ku yi shanyarku."

Aka dafa wa baƙi doya, suka ci, suka hau mota suka koma. Malamarsu ko sallama ba ta yi mini ba, ban kuma ga laifinta ba.

Haka muka yi shekara uku. Citta ba ta barin filin sai Fabrairu, lokacin an gama gasa an raba kofi. Ya roƙi a ɗaga ranar, aka ce ba za a ɗaga wa lardi guda don ƙauye ɗaya ba. Yaranmu su ake ɗauka a kai Kafanchan, su buga a gaban mutanen da ba su san sunansu ba, su dawo su ba da labari a gida, iyaye su ce madalla. Na ce masa ya gaya wa Fasto Andrawus a yi sanarwa a coci, mako ɗaya kawai a ba mu.

Ya ce, "Hellen, matan nan kwana uku suka duƙa saboda ni. In koma in ce su kwashe abincin 'ya'yansu don za a yi wasa? Bakina ba zai iya ba."

Na ce, "To sai ka yi ta ja musu layi suna shanya a ciki."

Ya yi dariya, ba ta kai ciki ba. Duk Oktoba kuwa sai ya ja layin nan. Ni kuma na yi ta ƙunƙuni a ofis, iyakar abin da na yi ke nan.

A Satumban 1978 yana tsaye gaban yara da safe yana duba farce, sai ya dafa kafaɗar wani malami, ya zauna a ƙasa. Kafin a sami motar da za ta kai shi asibitin Kafanchan rai ya yi halinsa. Shekararsa arba'in da ɗaya. Aka ba ni riƙon makaranta, na karɓa don babu wani, amma ko ta bayan azuzuwa na daina bi.

Farkon Nuwamba ina ofis da rana, Mama Tagwai ta yi sallama. Bayanta mata ne da madaɓi a hannu. Ta ƙi zama.

Ta ce, "Malama, ka rubuta leta wa mutanen Kafanchan. Su zo su yi bol ɗin."

Na ce, "Citta fa, Mama?"

"Za mu kai dutse. Akwai fa babba a ƙetaren rafi, can uwayenmu yake shanya tun dā. Nisa ne kawai."

Na dube ta. Tafiyar rabin awa ce da kaya a ka. Na ce, "Mama, shekara uku mutumin nan yana jira. Sai yanzu?"

Ta ce, "Jiya a zumunta ne Martha matarsa ya gaya mana. Wai kullum yamma yana tsayawa yana kallon citta namu, ya dawo gida ba ya cin tuwo. Mu mun sani ne? Shi da bakinsa ya ce ba komai. Da ya tambaya sau ɗaya, ko kai Malama da ka zo ka gaya mani, da mun kwashe tun ranar."

Na jawo takarda na fara rubuta wasiƙar. Suka wuce bayan azuzuwa, ba a jima ba na ji bugun madaɓi, wannan karon babu waƙa.

An yi wasan ran Asabar ta uku. Garin duka ya fito, har tsofaffin da ba sa gani sosai. Aka ajiye wa Martha kujera a gaba. An cinye mu da ci talatin da takwas da goma sha ɗaya, amma duk sanda wata tamu ta jefa ƙwallo ta shiga, sai uwarta ta faɗo cikin fili da guɗa, alƙali ya yi ta busa usur a banza. Mutane suka ce an girmama marigayi, Fasto ya yi addu'a, kowa ya tafi gida da daɗi.

Ni ban ji daɗi ba, har yau kuma ban ji ba. Daga ofishina zuwa gidan Mama Tagwai ba a yin minti biyar. Shekara uku ina bi ta ƙofarta safe da yamma, in ce ina kwana Mama, ta ce lafiya Malama, in wuce.