Kunkurun da Aka Bari a Rigingine

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, falo kaɗai muke ɗumamawa a gidanmu na unguwar Gorton, can ƙasar Turawa. Da an idar da sallar magariba sai mu taru gaban hita, ni da ƙannena, Kaka, mahaifiyar Baba, tana tsakiya da safa bibbiyu a ƙafa. Daga Zariya ta zo ganin likita, sanyi ya hana ta fita, sai ta huce a kanmu da tatsuniya.

Akwai wata yamma da ba na mantawa, ina da shekara goma. Ran nan na sheƙo da kekena a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, na banke wata tsohuwar Baturiya da ke layinmu. Ta faɗi, cefanenta ya watse. Na waiga sau ɗaya, na ƙara wuta. Ban gaya wa kowa ba. Na manta Kaka ba ta da aiki sai leƙen taga.

"Ku matso, ga wata nan tafe," in ji ta. Wai Kura ce ta sami keke. A garin kuwa, duk wanda zai wuce babba sai ya sauka, ya tura kekensa, ya gaishe shi. Kura ta ce ita ba ta da wannan lokacin. Ta kwashe Kunkuru, ya faɗi a rigingine, ta yi gaba abinta. Da aka kai ta gaban alƙali, dabbobi suka ce a ɗaure ta. Kunkuru ya ce, "Bugun bai dame ni ba, bayana ya saba. Wuni na yi ƙafafuna a sama, ina jiran ta dawo ta juya ni."

Ƙanena ya ce, "Then what, Kaka?"

"Sauran ku tambayi yayarku," ta ce, ko kallona ba ta yi ba.

Wallahi na yi niyyar zuwa wurin matar nan, amma kullum sai in ce gobe. Ashe ƙugunta ya karye. Ƙaramar hukuma kuma ta rage masu zuwa kula da tsofaffi a gida, sai aka mayar da ita gidan tsofaffi, aka kafa allon haya a ƙofarta.

Yanzu a Birmingham nake, da keke nake zuwa aiki. Ana ta muhawara kan dokar da za ta ɗaure mai keken da ya yi ganganci ya raunata mutum, abokan aikina suna cewa an matsa wa masu keke. Ni kunya ba ta bari in sa baki. Ina ganin dokar daidai ce, sai dai abin da ke ci mini rai ba shi cikinta. Ƙofa bakwai ce tsakanin gidanmu da na matar nan, kuma ban taɓa ƙwanƙwasawa ba.